Hawan Mambila da Tanti da Yarinya 'Yar Shekara Biyu: Muhawara a Zauren Hausawan Legas

Abban Hanifa, Agege: Assalamu alaikum iyaye da yayye da ƙanne na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata tafiya da muke shirin yi ni da iyalina a hutun ƙarshen shekara. Niyyarmu ita ce mu tashi daga Legas a motata, Toyota Sienna, mu nufi tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, mu yi kwanaki huɗu ko biyar a can muna kwana a tanti, sannan mu juyo. Mu uku ne, ni da mai ɗakina da 'yarmu Hanifa, wadda ta cika shekara biyu da wata biyu. Na riga na sayi tanti mai ɗaukar mutum huɗu da katifar da ake hurawa da ƙaramin murhun gas, kuma na lissafa cewa idan muka fita bayan sallar asuba muka taka mota sosai, za mu kwana sau ɗaya a hanya mu isa Gembu washegari da yamma. Abin da nake so daga waɗanda suka san hanyar da waɗanda suka taɓa tafiya mai nisa da ƙaramin yaro shi ne su faɗa mini abin da ya kamata in ƙara a cikin shirin nan.

Hajiya Yaya, Idi-Araba: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ce a faɗa maka abin da za ka ƙara, ni kuwa abin da za ka rage nake so in faɗa maka, wato yarinyar nan. Ka kawo mini ita ta zauna cikin jikokina, ku kuma ku tafi ku kwana a dajin tunda ranku ya so. Mu da muka tashi a ƙauye mun san kwanan waje, amma dole ce take sa mutum ya yi shi, kamar fatake ko masu gadin gona lokacin kaka. Ban taɓa jin mutum yana da ɗaki da gado da fanka ya ɗauki goyo ya kai shi kan dutse cikin hunturu don nishaɗi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Baffa na Gembu, Obalende: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ki ba ni dama in yi magana a matsayina na wanda aka haifa a can, domin a kan dutsen nan da kike tsoro ake haihuwar yara ana yaye su suna girma, kuma ni ma a can aka goya ni. Ina ganin abin da yake zukatan mutane idan an ce Mambila shi ne dajin Allah mai duhu da namun dawa, alhali kuwa saman tudun fili ne mai ciyawa, tuddai ne masu santsi suna bin juna har iyakar ganinka, da garken shanu, da gonakin masara da dankalin Turawa, da layukan bishiyoyin zaiti da aka dasa. Akwai garuruwa sosai, Maisamari da Nguroje da Kakara inda gonar ganyen shayi take, sai Gembu wadda ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Yankin yana ƙarƙashin Kamarun da Ingila take riƙo ne har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta shigo da shi Nijeriya, shi ya sa har gobe za ka ji ɗanɗanon Kamaru a abinci da magana, kuma Fulatanci ne harshen kasuwa, ko da yake Hausa ma za ta fisshe ka.

Amma batun sanyi gaskiya Hajiya ta faɗa. Tudun yana kan tsayin kimanin mita 1,600 daga gaɓar teku, Legas kuwa a bakin tekun take. A watan Disamba rana tana da daɗi, kana iya yawo da riga ɗaya, sai dai da zarar ta faɗi iska take juyawa, kuma da asuba za ka tarar da raɓa ta jiƙe ciyawa sharkaf kamar an yi ruwa, hazo kuma ya kwanta a cikin kwari har ba ka ganin saniyar da kake jin kukanta. Yaron da aka haifa a can jikinsa ya saba, kuma yana kwana ne a ɗakin da aka yi shi don sanyin. Hanifa 'yar Agege ce, ba ta san wani sanyi ba sai na fanka.

Alhaji Direba, Mile 12: Ɗana Abban Hanifa, kafin a kai ga sanyi bari mu fara da lissafin da ka yi, domin a nan kuskuren yake. Na yi shekaru ina ɗauko doya daga Zaki Biam da Wukari zuwa kasuwar nan, kuma na hau Mambila da mota ba sau ɗaya ba. Tsakanin Legas da Gembu ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba, kuma kilomita a taswirar waya daban, kilomita a kan kwalta mai ramuka da shingayen bincike daban. Idan ka bi ta Ibadan da Ife da Akure da Owo ka faɗa Okene, ranar farko ta ƙare, kuma ka gode wa Allah idan cunkoson Berger bai cinye maka safiya ba. Rana ta biyu ka haye Neja ta gadar Itobe, ka ratsa Anyigba da Ankpa ka shiga Binuwai, ka nemi Gboko ko Katsina-Ala. Rana ta uku ce za ka ratsa Wukari ka nemi Bali, idan hali ya yi ka kwana Serti, kuma kafin ka tashi ka tambayi direbobi a tasha halin da gadar Namnai take ciki, domin ambaliya ta karya ta a 2024. Sai rana ta huɗu da hantsi ka fuskanci hawan. Kwana huɗu ke nan zuwa, huɗu dawowa, ga wanda yake ɗauke da yarinya kuma ba ya tafiyar dare. Tafiyar dare kuwa kada ma ka sa ta a lissafi. Da la'asar sakaliya ta yi ka kasance ka shiga garin da za ka kwana.

Abu na biyu shi ne hawan kansa. Daga Mayo Selbe hanya take miƙewa sama tana lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan. Akwai wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, wanda tsofaffi suke cewa ladan 'yan dakon zamanin Turawa ne ya ba shi sunan. Hawa ba ya ba ni tsoro kamar gangara. Direban birni idan ya ga gangara sai ya ɗora ƙafa a kan burki ya ƙi ɗagawa, burkin ya yi zafi har ka ji ƙauri, can sai ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse ƙasa babu komai. Ƙa'idarmu ita ce da giyar da ka hau da ita za ka sauka, ka bar inji ya riƙe mota, burki kuma ka riƙa taɓa shi kana saki.

Abban Hanifa, Agege: Na gode, Baba Alhaji, ka ɓata mini lissafi amma ka gyara mini tunani. Hutuna mako biyu ne, ke nan kwana takwas a hanya, saura shida. Sai dai motata mai canja giya da kanta ce, ban san yadda zan yi da wannan ƙa'ida ta sauka da giya ba, domin tun da na saye ta ban taɓa matsar da sandar daga D ba sai in zan yi baya ko in ajiye.

Usta Makanike, Ladipo: Yallaɓai, idan ka duba ƙasan D ɗin nan za ka ga wasu lambobi da harafin L, ko kuma gefen da ake turawa ana ƙarawa ana ragewa, gwargwadon shekarar motar. Saboda irin wannan rana aka yi su. Kafin ka fara gangarowa ka rage gudu ka sa ta a 2, inda ya yi tsanani ka sa L. Za ka ji inji yana ƙara, kada ka tsorata, aikinsa yake yi. Ka gwada a wata gangara mara haɗari tun a nan domin hannunka ya saba.

Bayan haka ka kawo ta a zubar da tsohon man burki a zuba sabo, domin man burki yana shan danshin iska, kuma Legas gari ne mai danshi, ruwan da ya shiga cikinsa shi ne yake tafasa idan burki ya yi zafi, shi ne abin da Alhaji ya kwatanta. A duba lagireto da fanka da robobin ruwa, kuma lokacin hawa ka kashe na'urar sanyaya mota kana kallon allurar zafi. Idan ta tashi ka tsaya a wuri mai faɗi, kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce. Taya kuma kada ka duba zanenta kawai. A jikinta akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Yawancin tayoyin gwanjo zanensu yana da kyau amma robar ta tsufa. Ka duba safaya da jak, ka riƙe lambar jami'an kiyaye haɗurra, 122.

Anti Nas, Surulere: Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, kuma zan fara da kwantar da hankali a kan abu ɗaya. Ciwon da ke kama masu hawa dutse saboda ƙarancin iskar numfashi galibi yana farawa ne daga mita 2,500 zuwa sama, don haka tsayin Gembu da Baffa ya ambata ba shi ne abin damuwa ga yarinya mai lafiya ba. Sanyi kuwa lissafinsa a bayyane yake, domin duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, ke nan tsayin kaɗai ya rage kusan digiri 10 a kan na Legas kafin a zo ga iskar hunturu. Ƙaramin yaro yana saurin rasa ɗumin jiki fiye da babba, kuma ba zai ce maka ya ji sanyi ba, sai dai ka ga ya yi lamo. A sa mata kaya sala-sala da hular sanyi da safa, a shimfiɗa bargo mai kauri tsakaninta da katifar, domin katifar iska tana ɗauko sanyin ƙasa. A riƙa taɓa ƙirjinta ko bayan wuyanta don a san ɗuminta, hannu da ƙafa suna yaudara.

Abin da nake roƙonku da girman Allah shi ne kada sanyi ya sa ku shigar da gawayi ko risho ko murhun gas ɗin nan cikin tanti, ko da na minti goma ne. Mu mazauna Legas mun sha jin gidan da aka kwana da janareta a ciki aka wayi gari babu mai motsi. Iskar da take yin wannan ɓarna ita ce gawayi yake fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi, barci take ƙara wa mutum, kuma yaro take fara kamawa. Girki a waje, jin ɗumi a waje, a kashe wuta kafin a kwanta.

Sauran kuma: gidan sauro mai magani, musamman a masaukan Binuwai da Bali da Serti inda ƙasa take da zafi da ruwa, ƙullin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc saboda gudawa, ma'aunin zafin jiki da farasitamol na yara da aka auna mata gwargwadon nauyinta, ruwan sha na roba ko wanda aka tafasa. A duba katin rigakafinta a tabbatar ta karɓi ta shawara da ta ƙyanda zagaye biyu. Kuma kada a ba ta maganin mura mai sa barci don ta yi shiru a mota, na san ana yi, ba daidai ba ne. Idan kun dawo zazzaɓi ya kama ta ko bayan mako biyu ne, a gwada jini kafin a ba da magani.

Maman Sadiq, Festac: Yayana Abban Hanifa, ni na taɓa yin irin wannan tafiya, sai dai Obudu muka je a jihar Kuros Riba, lokacin Sadiq yana da shekara biyu da rabi. Tsayin wurin kusan ɗaya ne da na Mambila, kuma hawansa kilomita 11 ne mai lanƙwasa 22. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne amai. Mun tsaya a gindin dutsen na cika masa ciki da shayi mai madara da burodi don kada ya dame mu, ba mu kai lanƙwasa ta bakwai ba ya dawo da shi duka a kan kujerarsa da mayafina, ga hanya ba wurin tsayawa, ga kayan canjinsa a can ƙasan but an danne su da tanti da kula. Haka muka ƙarasa hawan, tagogi a buɗe, shi yana kuka, babansa ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana salati. Tun daga ranar na koyi ajiye jaka ƙarama a ƙafata mai kaya kala biyu da leda da tawul da ruwa, kuma ban ƙara ba yaro abu mai nauyi kafin hanya mai lanƙwasa ba.

Da dare kuma wata matsalar ta fito. Sadiq bai san duhu ba, domin ko an ɗauke wuta a Festac akwai hasken maƙwabta da ƙarar janareta. Da aka kashe tocila ya ji shiru da kukan ƙwari, sai ya ƙanƙame ni yana cewa mu tafi gida. Muna cikin lallashi iska ta taso, sandar tantin da muka saya a wani shago ta karye, rufin ya kwanto mana a fuska. Ƙarfe biyun dare muka kwashe zuwa ɗakin da muka yi sa'a mun kama tun da rana. Amma ba zan ɓoye ba, da safe da ya fito ya ga gajimare a ƙasan ƙafarsa da shanu suna kiwo, murnar da ya yi har yau ina tuna ta. Saboda haka ban ce kada ku je ba, na ce kada ku kafa tanti inda babu ɗaki a kusa.

Hajiya Yaya, Idi-Araba: To kun dai ji da kunnenku, amai da kuka da karyewar sanda, sannan a ce an je hutawa. Yarinyar da ba za ta tuna komai ba idan ta girma, don wa ake wahalar da ita? Ni ina zargin Abban Hanifa ne ya ga hotunan Turawa a waya ya matsa wa 'yar mutane.

Maman Hanifa, Agege: Hajiya, ina gaishe ki da girmamawa, kuma ki yi wa ɗanki afuwa, domin ni ce na kawo maganar. Tun da aka kawo ni Legas shekara huɗu ke nan, ɗaki biyu muke ciki a bene, kuma Hanifa ba ta taɓa taka ciyawa da ƙafarta ba, ba ta san saniya ba sai wadda ake saukewa daga tirela a mayankar Oko-Oba. Ni kuwa a gidan kakata na tashi, inda muke kwana a tsakar gida lokacin bazara muna ƙirga taurari. Na yarda ba za ta tuna ba, amma ai ba ta tuna nonon da ta sha ma, kuma ya gina ta. Barinta kuma mako biyu ba zan iya ba, don ban daɗe da yaye ta ba. Abin da ya tsorata ni a cikin bayanan nan ba dutsen ba ne, kwana takwas ɗin nan ne da za ta yi a ɗaure a kujera.

Anti Nas, Surulere: Ƙanwata, kin taɓo inda ya dace. Kujerar yara ba abin sasantawa ba ce, a kujerar baya za a ɗaure ta, kuma gara ta fuskanci baya muddin nauyinta da tsawonta ba su wuce abin da aka rubuta a jikin kujerar ba. Idan ta yi kuka a tsaya a fito da ita, kada a ciro ta a rungume mota tana tafiya, domin babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro idan aka taka burki da ƙarfi. Kusan duk awa biyu tana bukatar ta sauka ta taka ƙasa a canja mata kunzugu. Idan kuka ƙara wannan a kan lissafin Alhaji, za ku ga ranar tafiyarku ba za ta wuce awa shida ko bakwai na tuƙi ba.

Kawu Sani, Apapa: An yi maganar burki da sanyi da amai, amma an bi ta gefen babbar magana. Hanyar Owo zuwa Okene da yankin Katsina-Ala zuwa Wukari wurare ne da aka sha samun garkuwa da mutane da rikici, kuma wannan ba sirri ba ne. Mutum da mace da goyo a mota mai lambar Legas, an ɗaure kaya a sama, kowa ya san baƙi ne. Ni shawarata kada a ɗora komai a saman mota, kada a sanar da ranar tashi a Facebook ko ma a wannan zauren, a riƙa tambayar direbobin haya kowace safiya, a bi ayarinsu. Tanti kuma a hanya haram, masauki mai katanga kawai. Idan da hali ma, ni da jirgi zan kai iyalina Yola ko Jalingo in ɗauki shatar mota daga can, ko da yake na san kuɗin ba kaɗan ba ne.

Baffa na Gembu, Obalende: Kawu ya yi gaskiya a kan hanya, kuma ko a saman tudun ba zan ce wa kowa ya zaɓi fili don ya yi masa kyau ya kafa tanti ba. Babu ƙasar da ba ta da mai ita a Mambila. Abin da baƙo yake gani kamar daji, makiyayar wani ce ko gonar wani, kuma batun ƙasa ya taɓa jawo fitina mai muni a can. Hanyar da ta dace ita ce ka sauka hannun wani, ya kai ka ka gaida Jauro ko Arɗo da ɗan goronka, a san da zamanka. Yayana yana da gida a wajen Nguroje mai shinge da fili a ciki, kuna iya kafa tantinku a tsakar gidan, ga ɗaki a buɗe idan dare ya yi tsanani, ga matan gida da za su taya Maman Hanifa. Za a kawo muku nono da man shanu da safe, ku karɓa, ƙin karɓa rashin ladabi ne, amma madarar da za a ba yarinya a tafasa ta tukuna.

Na ga kuma a hoton shirin da ka turo ka rubuta Chappal Waddi. Ka goge shi. Shi ne ƙololuwa mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka Gumti, kuma tafiyar ƙafa ce ta kwanaki da ɗan jagora, ba wurin goyo ba ne. Idan kuna son ganin gandun, ofishinsu yana Serti, ku nemi izini ku shiga da jami'insu da rana ku fito, ku rufe wa yarinya jiki saboda ƙudan tsando. Ka cika tanki kafin hawa, ka riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, domin layin waya yana ɗaukewa a wurare da dama.

Malam na Islamiyya, Agege: Allah ya saka wa kowa da alheri. Tunda tafiyar halal ce kuma ta haura burudi huɗu, wato mil 48 a mazhabarmu ta Malikiyya, kuna da sauƙin yin ƙasaru daga lokacin da kuka bar gine-ginen gari, kuma kuna iya haɗa azahar da la'asar idan tafiya ta matsa, wanda zai taimaka wajen isa masauki da rana. Idan kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, sai ku cika salla. Sanyin asuba kuma ba ya halatta taimama ga wanda yake da murhu da tukunya, sai a ɗumama ruwa. Hajiya kuma ina ganin a saurare ta, domin haƙƙin yarinyar yana gaba da sha'awar iyayenta.

Alhaji Direba, Mile 12: Ni da za a bi tawa, a gwada ƙaramin kafin babban. Ga Idanre nan kusa da Akure, tafiyar yini ɗaya ce, duwatsu ne manya sun kewaye gari, akwai matakala sama da 600 zuwa tsohon garin da ke sama. Ku je ƙarshen mako ku kafa tantin a harabar masauki, ku ga yadda yarinya za ta yi da kujera da duhu, kai kuma ka gwada giyar da Usta ya koya maka. Abin da kuka gani a can shi zai yanke hukuncin Mambila, ba mu ba.

Abban Hanifa, Agege: Jama'a, bayan mako uku ga ni na dawo da rahoto, domin mun bi shawarar Baba Alhaji. Tafiyar da waya ta ce awa biyar ta ci mana takwas da rabi, saboda mun tsaya sau huɗu, ɗaya daga ciki a Ife inda Hanifa ta ƙi komawa kujera sai da ta gama bin wata akuya. Matakalar kuma mahaifiyarta ce ta goya ta da zane da majanyi, jakar goyon da na saya da tsada ta ƙi zama a ciki, muka tsaya a wurin hutawa na uku muka juyo. Tantin ya ɗauke ni minti arba'in ina juya sanduna, mai gadin masaukin yana haska mini tocila yana dariya. Da dare Hanifa ta yi kukan duhu kamar yadda Maman Sadiq ta faɗa, sai muka rataya ƙaramar fitilar caji muka lulluɓe fitilar da ɗankwali, yarinyar ta yi barci har asuba. Katifar ce ta sace cikin dare muka wayi gari a ƙasa, kuma da safe na tarar da kunama a ƙarƙashin takalmin Hanifa da muka bari a waje, don haka yanzu takalma a cikin leda suke kwana a cikin tanti.

Mun yanke cewa ba za mu tuƙa daga Legas a wannan Disambar ba, kwana takwas ya yi mata yawa. Muna duba shawarar Kawu ta jirgi da shatar mota, kwana biyu a tanti a gidan yayan Baffa, sauran a ɗaki.

Hajiya Yaya, Idi-Araba: Kunama kuma! To tunda kun ƙi bar mini ita, Maman Hanifa ki biyo ta gidana kafin ku tafi, akwai bargon Makka mai kauri da hular ulu da na saƙa wa jikata ta yi mata kaɗan, da man kaɗanya na shafe mata ƙafa da leɓe.

Baffa na Gembu, Obalende: Na yi magana da yayana, ya ce a faɗa masa ranar ta waya, zai turo direban da ya san hawan ya tarye ku a Jalingo. Ya ce kuma katifar iskar ku bar ta a Legas, akwai tabarmi da katifar auduga a gida.